Na'urar DVD a ƙauye: yadda ake zaɓenta, da yadda ake riƙonta ta daɗe

Wata ranar Juma'a, ana tsaka da cin kasuwar Wudil, wata dattijuwa daga ƙauyukan hanyar Gaya ta iso rumfata da ƙunshi a cikin zani, jikanta na biye da ita riƙe da baƙar leda. Ta kwance zanin, sai ga na'urar DVD ta yi futu-futu.

"Ɗan nan, duba mini bidiyon nan. Ta daina cin kaset."

"To, Inna. Tun yaushe?"

"Tun hunturun bara take gardama, bana kuwa ta ƙi sam. Ni ba fim ne ya dame ni ba. Akwai kaset ɗin bikin autata, marigayi Malam yana ciki."

Da na kwance murfin, abin da na saba gani na gani: ƙura ta kwanta a kan komai, ƙwayayen kyankyaso a ƙarƙashin fanel, idon da ke karanta faifai kuma ya dushe da wani maiƙo mai danƙo. Na shinshina, sai ƙamshin turaren wuta. Ban fi minti goma ina gogewa ba na'urar ta tashi.

Shekarun da na yi ina gyaran rediyo da talabijin sun nuna mini cewa a wajenmu da wuya na'urar DVD ta mutu don tsufa. Abu uku ne ke kai ta ƙasa: wuta, ƙura, da faifan da ya kakkarce. Sunan kamfanin da ke rubuce a goshinta yana da nasa tasirin, amma bai kai na waɗannan ukun ba.

Tukuna dai, kana bukatarta?

An fara sayar da DVD a Japan a watan Nuwamba na 1996, ta shiga Amurka a 1997. Mu nan sai da muka bi ta kaset ɗin bidiyo, muka bi ta faifan VCD, sannan ta zama kayan ɗakin amarya da ba a cika tsallakewa ba. Yanzu waya ta karɓe kasuwar. Wanda ke da talabijin filasma mai ramin filash, kuma ba shi da tsofaffin fayafayai a gida, to kada ya ɓata kuɗinsa. Talabijin ɗin kansa ya fi yawancin na'urorin DVD iya karanta finafinan da ake turawa a waya.

Amma idan talabijin ɗinka mai ƙusumbi ne, ko kana da jakar fayafayan tafsiri da wa'azi da karatun Alƙur'ani, ko na biki da saukar karatu da hawan sallah, ko kuwa garinku sai an hau tudu ake samun sabis, to har gobe tana da amfani. Ba ta cin data, kuma ko yaro ya iya kunna wa kakarsa.

Mataki na ɗaya: juya ta ka duba bayanta

Mai shago gabanta zai nuna maka, da fitilunta masu wal-wal. Kai kuwa juya ta. Akwai 'yar takarda a liƙe kusa da inda wayar wuta ta fito. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce, don haka nemi wadda aka rubuta 100–240V ko 110–240V. Irin wannan tana jure wutar da ta yi ƙasa, wadda ƙwan fitila ke yin ja kamar garwashi. Idan ka ga 120V kaɗai, daga Amurka ta fito, kuma ranar da ka jona ta ranar za ta yi ƙara ta yi hayaƙi. A cikin kayan Beljiyam ake yawan cin karo da irinta. A takardar nan dai za ka ga yawan wutar da take sha. Yawancinsu wat 10 zuwa 15 ne, ba su kai fanka ba.

Sai ramuka. Rawaya na hoto ne, fari da ja na sauti. Su ne talabijin mai ƙusumbi ke so, kuma da wuya ka ga na'urar da ba ta da su. Wasu suna da ƙarin uku, kore da shuɗi da ja, na hoto zalla. Mutane kan rikita jan nan da jan sauti, su dawo suna cewa sifika ɗaya ba ta magana. Idan filasma gare ka, lallai ka nemi mai ramin HDMI, domin hoton da ya bi ta wayar rawaya yakan yi hazo a babban allo. Sai dai kada rubutun 1080p da ke jikin kwali ya ruɗe ka. Hoton DVD a tsarin da muke amfani da shi ɗigo 720 ne a faɗi, 576 a tsaye. Abin da na'urar ke yi shi ne ta miƙe shi ya cika allo. Ba za ta ƙirƙiro abin da babu a faifan ba. Na VCD ma 352 ne da 288, shi ya sa tsofaffin finafinanmu ke fashewa a filasma, ba laifin na'urar ba ne.

Ɗaga ta ka ji nauyinta, ka danna murfin da yatsa. Na ƙarfe ya fi na roba fitar da zafi. Ka kuma karanta sunan harafi bayan harafi. Sunayen manyan kamfanoni irin su Sony da LG da Panasonic da Samsung su aka fi kwaikwaya, wani lokaci harafi ɗaya aka sauya, wani lokaci ma ba a sauya komai ba, liƙawa kawai aka yi. Ni ban ɗauki 'yar China abin gudu ba. Da yawansu ido iri ɗaya suke amfani da shi, irin su SF-HD65 da SF-HD850 da KHM-313, waɗanda masu kayan gyara a Sabon Gari suka san su kamar yunwar cikinsu. Tsohuwar 'yar Beljiyam mai suna ta fi ƙarko, ba musu, amma ranar da idonta ya mutu kana iya zagaye kasuwa ba ka samu irinsa ba. Abin da nake ƙi shi ne a sayar maka da 'yar China a kuɗin orijina.

Masu haɗe da sifika da amfilifaya a jiki ɗaya kuwa, ban cika ba da shawararsu ba. Zafin amfilifaya yana dafa idon, kuma ɗaya ya lalace ka rasa biyu. Dubban wat ɗin da ake rubutawa da PMPO a gefe, kurari ne kawai.

Mataki na biyu: me take ci, me take ƙi

Faifan DVD mai shimfiɗa ɗaya yana ɗaukar gigabait 4.7, mai shimfiɗa biyu 8.5. Na CD da VCD megabait 700 ne ko kusa da haka. Duk na'urar kirki tana karanta waɗannan, har da MP3 da hotuna. Faifan Blu-ray, wanda ya fito a 2006, girmansu ɗaya a ido, amma na'urar DVD ba ta karanta shi ko kusa.

Akwai zancen shiyya. Kamfanonin finafinai sun raba duniya gida shida, suka kulle fayafayansu. Amurka da Kanada shiyya ta 1 ce. Turai da Japan da Masar da Saudiyya ta 2. Mu da Nijar da Indiya da Rasha ta 5. China ta 6. Fayafayan da ake bugawa a nan gida ba su da wannan kulle, don haka da yawa ba su taɓa jin labarin ba, sai ran da Alhaji ya dawo da tsarabar faifai na asali daga Makka na'ura ta ƙi shi. Yawancin 'yan China duk shiyya suke ci. Idan ta hannu ce daga Turai, duba bayanta, za ka ga hoton duniya da lamba a tsakiya. Haka nan ka tabbata tana yin PAL da NTSC duka biyu, wato tsarin hoton talabijin iri biyu. Namu PAL ne. Idan wata rana hoto ya koma baƙi da fari ko yana gudu sama, kafin ka ɗauko ta zuwa wajenmu nemi maɓallin da aka rubuta N/P a rimot ka danna. Na sha karɓar na'ura lafiyarta ƙalau, yaro ne ya zauna a kan rimot.

Ramin filash shi ne abin da na fi so mai saye ya tsaya a kai, domin shi ke tsawaita ran na'urar. Duk sa'ar da ka yi kana kallo ta filash, ido a kashe yake, moto ba ya juyawa. Amma ramin yana da sharuɗɗa. Yawancinsu filash ɗin da aka shirya a tsarin da ake kira FAT32 kaɗai suke ganewa, kuma a wannan tsarin fayil ɗaya ba ya wuce gigabait 4. Filash ɗin da ya haura gigabait 32 galibi da wani tsari yake zuwa, exFAT, wanda tsofaffin na'urori ba sa gani. Saboda haka filash biyu masu 16 sun fi maka guda ɗaya mai 64. Sannan nau'in fim ɗin. Waɗannan na'urori da AVI suka saba, mai DivX ko Xvid, wanda faɗinsa bai wuce 720 ba. Abin da masu tura finafinai ke zuba wa mutane a waya yanzu kuwa MP4 ne. Wata na'urar za ta nuna sunan fim ta ƙi buɗewa, wata ta ba ka murya babu hoto. Rubutun MPEG-4 a jikin kwali ba tabbacin za ta ci na waya ba ne. Gwaji ne kaɗai ke raba gardama.

Mataki na uku: je shago da kayan gwajinka

Kada ka yarda da faifan mai shago. Sabo ne fil, ko makauniyar na'ura za ta karanta shi. Zo da naka guda huɗu: VCD ɗaya, DVD bugun kamfani ɗaya mai farin ƙasa kamar azurfa, DVD ɗaya da aka ƙona a kwamfuta, wanda ƙasansa ke da launin shuɗi-shuɗi mai ratsin ja, sai ɗaya daga cikin masu finafinai da yawa a haɗe. Ƙara da filash ɗinka, da fim biyu uku a ciki.

Ga dalilin wannan wahala. A cikin idon nan fitila biyu ce. Ja mai tsawon zango nanomita 650 ita ke karanta DVD. Ɗayar mai 780, wadda idon mutum ba ya gani sosai, ita ke karanta CD da VCD. Ɗaya tana iya mutuwa ta bar ɗaya. Sau da yawa jar ce ke riga gajiya. Faifan da aka ƙona a kwamfuta kuma ba ya mayar da haske kamar bugun kamfani, don haka shi ido mai rauni ke fara ƙi. Na'urar da ta karanta ƙonannen faifai ba tare da jinkiri ba, idonta da saura.

Sa kowanne, ka ƙirga. Lafiyayya takan kawo hoto kafin ka ƙirga ashirin. Kasa kunne a jikin murfi: ƙarar juyawa mai santsi daidai ce, amma ƙas-ƙas-ƙas da ake maimaitawa alama ce ido na lalube. Tura fim ɗin zuwa can ƙarshe, domin faifai daga tsakiya ake fara karanta shi a nufo baki, kuma na'urar da ta gaji a bakin take tsayawa. Buɗe tire ka rufe sau biyar babu faifai a ciki. Ka bar ta tana aiki kamar minti ashirin, ka tafi ka sha ruwa ka dawo, ka taɓa murfin. Ɗumi ba laifi, zafin da zai sa ka janye hannu matsala ne.

Rimot kuma, nuna kansa ga kyamarar wayarka ka danna. Za ka ga haske na ƙyaftawa a allon waya. Kada ka karɓi na'ura babu rimot, domin rabin abin da take yi ba ya danno daga jikinta. Ka karɓi rasit, a rubuta kwanakin garanti a jiki. "Ai mun saba" ba ta dawo da kuɗi.

Mataki na huɗu: inda za ta zauna

A ɗakunan matanmu an fi duba kyan jere fiye da lafiyar na'ura. Za ka tarar an ɗora ta a kan talabijin mai ƙusumbi, ko an danne ta da risiba, an lulluɓe da kyalle mai ado, an ɗora fulawar roba a kai. Fitilar idon nan ba abin da ta tsana kamar zafi, ga shi daga Maris zuwa Mayu zafinmu kan haura digiri 40, ɗakin kwano kuwa ya fi waje. Ba ta wurinta ita kaɗai, a kan katako mai faɗi wanda bai karkace ba, da tazarar tafin hannu ta kowane gefe. Kada a ajiye ta a ƙasa, kada a sa ta saitin taga, kada kuma ta zauna a kan babbar sifika, domin girgiza na sa ido ya riƙa tsalle.

Lulluɓi yana da kyau, musamman da hunturu, amma sai tana kashe kuma ta huce. Za a kunna, a yaye. Wannan 'yar ƙa'ida kaɗai da ana binta, da rabin aikina ya ragu.

Sai turaren wuta. Ba zan ce a daina ba, kada matan gari su yi mini taron dangi. Amma hayaƙinsa mai maiƙo ne, yana kwanciya a kan ido, ƙura ta zo ta manne. A rufe na'urar kafin a sa kasko, a kuma nisanta shi. Haka hayaƙin maganin sauro na kunnawa, haka na feshi. Wasu ma cikin na'urar suke fesawa don kashe kyankyasai, alhali idon roba ne, maganin na iya dusar da shi har abada. Kyankyaso ɗumi yake bi, kuma idan ya gitta tsakanin layukan wuta a fanel, shi da na'urar tare suke tafiya. Maganinsa share bayan kabad da hana yara cin abinci a gurin. Na taɓa ciro ƙuli-ƙuli da kwabo daga cikin tire.

Mataki na biyar: wuta

Nan ne na'urori suka fi mutuwa, kuma mutuwar farat ɗaya. An ɗauke wuta, zare fulogi. An kawo, kada a yi rige-rigen kunnawa. A bar ƙwan fitila ya nuna ta zauna, kamar minti biyar. Kashewa da rimot ba kashewa ba ce, domin muddin 'yar jar fitilar nan na ci, fanel ɗin wuta a jone yake, duk abin da ya biyo waya zai same shi. Sitabilaiza mai jinkirin kunnawa tana taimako, ƙarama ma ta isa ta ɗauki talabijin da DVD.

Ga masu ƙaramin janareto: a tayar da shi, ya daidaita, sannan a jona kaya. Za a kashe, a fara zare kaya. Mafi haɗari shi ne lokacin da mai ke ƙarewa, inji na shaƙewa yana tashi, wuta na hawa da sauka. Da ka ji muryarsa ta sauya, kai hannu soket kafin ka kai ga inji. Kada kuma a haɗa ta layi ɗaya da dutsen guga ko hita.

Masu sola sun fi kowa hutawa, domin wutarsu a zaune take. Lissafin ma ba wuya. A ce talabijin da na'ura sun haɗu a wat 60, kallon awa uku wat-awa 180 ke nan. Batir mai bolt 12 da 100Ah yana da 1,200 a rubuce, ko da rabinsa kaɗai za ka taɓa don kada ya lalace, ka ga da sauran fili. Akwai na'urorin da ke cin bolt 12 kai tsaye, ba sai an bi ta inbata ba. Abin kiyayewa a nan shi ne kada a juya waya, ja a mazaunin baƙa. Ƙiftawar ido ta isa.

Da damina, hadari ya taso da walƙiya, a zare komai, har da wayar eriya ko ta dish da ke shiga talabijin, domin ta nan tsawa ke biyowa ta tsallaka ta wayar hoto.

Abu na ƙarshe a nan, wanda na san ba za a ji ba: a daina cajin waya a ramin filash. An yi shi ne don ɗan ƙaramin abu, layin bolt 5 ɗin da ke ciyar da shi kuma shi ke ciyar da ƙwaƙwalwar na'urar.

Mataki na shida: fayafayai

Faifan da ya karce yana sa ido ya yi ta kai da komo yana neman layi, moto na ƙara gudu yana ragewa. Daren da aka kwana ana tilasta wa na'ura irin wannan faifai ya fi mata wahala a kan kallon mako guda. Ya tsaya sau biyu, a cire shi. Wanda ya tsage daga rami, a jefar. Dalili kuwa, faifan DVD na juyawa sama da sau 1,000 a minti ɗaya idan ana karanta tsakiyarsa.

A riƙe shi ta baki da ramin tsakiya. Idan ya yi datti, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a tsane da tsumma mai laushi, daga tsakiya zuwa baki a miƙe, ba a zagaye ba. Karcen da ya bi zagaye layin karatu yake bi, shi ya fi ɓarna. Gogawa da gefen riga ko zani, bayan ƙura na kai, yashi ne kake murzawa. VCD da CD ta saman da ke da rubutu suka fi rauni, domin bayanan na kwance dab da fentin; DVD kuwa nasa a tsakiyar roba biyu yake. Ƙonannen faifai rini ne a cikinsa, rana na cinye shi, don haka kada a bar shi a taga ko a gaban mota. An gama kallo, a cire shi daga tire a mayar da shi gidansa.

Mataki na bakwai: idan ta fara ciwo

Ta rubuta babu faifai alhali yana ciki. Gwada wani faifan tukuna, sannan wani nau'in. Idan tana cin VCD tana ƙin DVD, jar fitila ce ta raunana ko ido ya yi datti. Mai ƙarfin hali zai iya gogewa da kansa. Zare fulogi, ba kashewa kawai ba, a bar ta ta jima. Kwance murfi. Ɓangaren da wayar wuta ta shiga kada hannunka ya je, akwai babbar kafasita mai bolt 400 da kan riƙe wuta bayan an zare. Idon ɗan ƙaramin abu ne mai ƙyalli kamar ƙwayar dawa, a ƙarƙashin inda faifai ke zama. Sami tsinken goge kunne, ka ɗan jiƙa shi da sifirit mai kyau irin wanda masu gyaran waya ke wanke fanel da shi, ka matse, ka shafa a hankali kamar mai taɓa idon jariri, domin a kan wasu siraran wayoyi yake reto. Juya busasshen kan ka tsane. Ban da fetur, ban da kananzir, ban da turare, ban da yawu. Kada kuma ka jona wuta ka leƙa idon murfi a buɗe.

Tire ya ƙi fitowa, ko sai an mari murfi. Bel ne, wata 'yar roba zagayayya da ta saki ko ta yi santsi. Gyara mafi araha ke nan. Wanke ta da sabulu kan sa ta ɗan ƙara kwana, amma sauyawa ce magani. Robar ɗaure kuɗi ba ta kai ko'ina. Marin kuwa, da tura tire da ƙarfi, haƙoran giya suke karyawa.

Faifai na juyawa a sanyaye, ko sai an tura shi da yatsa: moto ne. Na'ura na kunna kanta tana kashewa, rubutun gabanta ya dushe, ko ta tsaya tana ta lodi: duba ƙananan kafasitocin fanel ɗin wuta, za ka ga kan wata ya kumbura kamar gwangwanin da ya lalace. Sauya su aikin mai gyara ne, kuma ba shi da tsada. Na sha ganin an saya wa na'ura sabon ido alhali kafasita ce. Ta mutu ɗif babu ko fitila: fis ne ko fanel ɗin gaba ɗaya. Kada a yarda a ɗaure fis da waya.

Biyu daga cikin sirrin sana'armu, don kada a cuce ka. A jikin ido akwai wasu 'yan sukurori da ake murɗawa a ƙara wa fitila ƙarfi. Na'ura za ta tashi nan take, ka biya ka tafi kana sa albarka, bayan 'yan makonni fitilar ta ƙone gaba ɗaya. Idan za a yi maka haka, a gaya maka, ka san rance ka ci. Na biyu, sabon ido yana zuwa da ɗan ɗigon dalma da kamfani ya sa don kare fitilar, sai an cire shi yake aiki. Idan aka ce an sa maka sabo, ka nemi tsohon a hannunka. Kuɗin gyara ya kai rabin na sabuwa, ni dai ba na ba da shawarar a gyara, sai idan tsohuwa ce mai ƙarko. Ko idon ya mutu ma, in tana da ramin filash, ba ta zama shara ba.

Mataki na takwas: kwafe abin da ba a sayarwa a kasuwa

Fim ya lalace a sayi wani. Faifan biki ko na saukar karatu guda ɗaya ne a duniya, kuma kusan duk ƙonannu ne, irin waɗanda rininsu ke dushewa. Kai shi wajen mai kwamfutar da ke da wurin sa faifai. Sababbin laftof ba sa zuwa da shi, amma akwai na jonawa ta waje. Idan DVD ne, a kwafe jakar da ake kira VIDEO_TS ɗungurungum. Fayilolin cikinta ba sa wuce gigabait 1 kowanne, don haka za su zauna a filash mai FAT32. Idan VCD ne, fim ɗin na cikin jakar MPEGAV. Sannan a juya shi zuwa MP4 don waya. Manhajar HandBrake kyauta ce kuma tana yin wannan. A yi kwafi biyu, ɗaya a ajiye a wani gidan.

Na Inna a ranar muka yi. Na aiki yarona da faifan wajen wani mai kwamfuta a bakin tasha, kwafin ya tafi sumul sai a mintunan ƙarshe, inda bakin faifan ya karce, wajen kai amarya. Wurin ɗaurin aure ya fita tas. Na sa mata ta gani a ƙaramin talabijin ɗin rumfa, ta matso har hancinta na neman taɓa gilashi.

"Ga shi can, mai farar hula. Ɗan nan, tsayar mini."

Na danna mata. Jikan ne ya karɓi filash ɗin, na nuna masa ramin da zai riƙa sawa, na ce faifan kuma a mayar da shi cikin akwati, ƙarƙashin kaya, inda rana ba ta kaiwa.